Mai Rigar Toka da Sauran Masu Zagayen Dare

Saura 'yan watanni Goggo ta yi ritaya wata ɗalibar koyon aikin jinya ta ba ta labarin aljanar ɓangaren mata. Dare ya raba, su biyu ne a teburin bakin ƙofa, sai yarinyar ta jawo kujera ta yi ƙasa da murya. Wai akwai wata doguwar mace mai fararen kaya da ke fitowa idan an ɗauke wuta, tana bin gadaje ɗaya bayan ɗaya da haske a hannu, ba a jin takunta, ƙafarta kuma kofato ce. Duk gadon da ta daɗe a kansa, kafin asuba an ja wa mai shi mayafi. Goggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce 'yan ajin da ke gabansu. Su kuma fa? "Ai kowa ya sani, Mama."

"To ni ce aljanar," in ji Goggo, ranar da take ba mu labarin a tsakar gidanta da ke Arawa, tana dariya har da share hawaye da gefen mayafi.

Abin ya faru tun Gombe na ƙarƙashin jihar Bauchi, Goggo na sabuwar ma'aikaciya. Lokacin sanyi ne, wuta ta ɗauke, injin ba mai. Ta kunna fitilar ƙwai ta shiga zagaye cikin farar riga, farar hula, da farin takalmi mai tafin roba wanda ba ya ƙara. A ranar an kawo wata tsohuwa daga ƙauye, wadda ba ta taɓa kwana a asibiti ba. Tsohuwa ta farka tsakar dare ta ga wani farin abu ya sunkuya a kan gadon maƙwabciyarta, hasken fitila na dukan fuskarsa daga ƙasan haɓa. Sai ta ƙwalla a'uziyya. Masu jinya da ke kwance a tabarmi ƙarƙashin gadaje suka zabura, wani ya yi ƙwallo da buta, wata ta tattake kwanon koko. Ita kuwa maƙwabciyar, wadda dama jikinta ya yi tsanani, shi ya sa Goggo ta daɗe a kanta, ta cika kafin kiran sallah. Gari na wayewa 'ya'yan tsohuwa suka ɗauke uwarsu ba sallama, labari ya bi su. Sai da ya shekara kusan talatin yana yawo, sannan ya dawo ya iske mai shi a kan kujerar da ya bar ta.

"Kofaton nan dai ba nawa ba ne, ɗana," ta ce. "A hanya aka ƙara min shi."

Wannan hira ce take faɗo min a rai duk lokacin da na ci karo da labarin fatalwar da ake dangantawa da wurin da aikin jinya na zamani ya samo asali. A birnin Landan, a bakin kogin Tems, daura da ginin majalisar dokokin Birtaniya, akwai asibitin St Thomas. A cikin harabarsa akwai wani ɗan ƙaramin gidan tarihi da aka buɗe a 1989 da sunan Florence Nightingale, matar da ake tunawa da ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, a matsayin ranar ma'aikatan jinya ta duniya. A ciki an adana akwatin magungunanta, da baƙar rigarta, da wasiƙunta. Amma abin da zai fara tsayar da Bahaushe cak shi ne wata 'yar ƙaramar mujiya a cikin gilashi. A 1850 Nightingale ta karɓe ta daga hannun wasu yara da ke azabtar da ita a birnin Atina na ƙasar Girka, ta raɗa mata suna Athena, ta riƙa yawo da ita a aljihu. Tsuntsuwar ta mutu a 1854 cikin rububin shirin tafiya fagen yaƙi, aka busar da gawarta aka ajiye. A ce a Arawa ne aka ga malamar asibiti da mujiya a aljihu, tana kuma yawon dare tsakanin masu jiran rai, ai ba sai an je gaban alƙali ba, unguwa ta gama yanke mata hukunci.

Akwai kuma fitila. Masu zane sun saba nuna ta riƙe da wata 'yar fitila mai baki kamar butar shayi, irin ta tatsuniyoyin Larabawa. Wadda aka yi amfani da ita a zahiri fanus ce ta Turkawa, mai naɗewa kamar zugazugi, ana dasa kyandir a cikinta. Haskenta ba ya wuce taku biyu zuwa uku. Duk wanda ya taɓa bin lungu da aci-bal-bal ya san irin wannan haske: ba ya korar duhu, sai dai ya ba shi siffa.

Daga wannan fitila labarin ya fara. A yaƙin Kirimiya, Birtaniya da Faransa sun mara wa Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi ba tamu ta Sakkwato ba, baya a kan Rasha. Ana kwaso sojojin Birtaniya da suka jikkata a jirgin ruwa zuwa wani ƙaton bariki a Iskutari, gaɓar Santambul ta ɓangaren Asiya. Nightingale ta isa can ranar 4 ga Nuwamba, 1854, da mata 38. Ta tarar da gini a kan magudanun ƙazanta da suka toshe, ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye, atuni da kwalara da zazzaɓi na kashe mutane fiye da harsashi nesa ba kusa ba. Alƙaluman da aka fi kawowa sun ce a watan Fabrairun 1855 kusan mutum 42 cikin ɗari na waɗanda aka kwantar sun mutu. A watan Maris gwamnati ta turo kwamitin tsafta, aka yashe magudanai, aka buɗe hanyar iska, har mushen doki aka zaƙulo daga hanyar ruwan sha. Kafin tsakiyar shekara adadin ya sauko zuwa kamar biyu cikin ɗari.

Yashe kwata ba ya sayar da jarida. Abin da ya tafi Ingila ya zauna a zukata shi ne hoton mace ita kaɗai cikin dare. Ta hana sauran matan shiga ɗakunan sojoji bayan ƙarfe takwas, don toshe bakin masu tsegumi, saboda haka da daddare ita ake gani, tana ratsa layukan gadaje da aka ce in an jera su za su kai mil huɗu. Wani soja ya rubuta gida cewa ba ta iya tsayawa wajen kowa da kowa, don haka sukan sumbaci inuwarta idan ta gifta. A lura da wannan: tun tana da shekara 34, da ranta da lafiyarta, an riga an fara ba da labarinta a matsayin inuwa.

Rayuwarta ta baya ma ta taimaka. Ta dawo gida a 1856 da sunan aro don guje wa bikin tarba. Daga 1857 ciwo ya kayar da ita, wanda masana a yau suka fi zaton shi ne cutar da makiyayanmu ke kira bakkale, mai kama shanu ta tsallaka ga mutum ta madara. Ta shafe shekaru da dama a ɗaki, ba a ganinta, sai dai takardunta su yi ta fitowa, dubbai, zuwa ga ministoci da janar-janar da masu mulkin Indiya. Mace ce ta lissafi da ƙididdiga, ita ce mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta karɓa, a 1858. Da aka ba ta babbar lambar girmamawa ta masarauta a 1907, mutane da yawa suka yi mamaki, don a zatonsu ta daɗe da rasuwa. Sai 13 ga Agusta, 1910, ta cika tana da shekara 90. Muryarta da aka naɗa a kan kakin zuma a 1890 tana nan, siririya, tana shaƙewa cikin ƙarar na'ura kamar mai magana daga cikin rijiya.

Da kuɗin da jama'a suka tara mata, kimanin fam dubu 44, aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan jinya a St Thomas a 1860, da ɗalibai 15. Ita kanta sai bayan shekara ashirin da ɗoriya ta taka makarantar. Ɗalibai sun san ta ne ta wasiƙar da ake karanta musu, da rahoton halayensu da ake kai mata. Wato a makarantar da ke ɗauke da sunanta ma, mai gani ce da ba a gani.

A 1871 asibitin ya koma sabon gini a inda yake yanzu, an tsara shi bisa ra'ayinta: dogayen ɗakuna masu gadaje kusan talatin, tagogi na fuskantar juna don iska ta ratsa, murhun ɗumi a tsakiya. Wanda ya san tsofaffin asibitocinmu na zamanin En'e ya san zubin, don shi aka kwafo mana. A wancan zamani, a bakin ƙofa akwai ɗakin babbar sista, a nan take kwana, a nan take tashi. Ba ta aure, in ta yi aure ta bar aiki. Sunanta ma ɓacewa yake yi, da sunan ɗakin da take riƙe ake kiranta, in ta tafi wadda ta gaje ta ta gaji sunan. Sannan a littafin nasihohinta Nightingale ta yi faɗa sosai a kan ƙarar siliki da kacau-kacau ɗin makullai da kukan takalmi, ta ce suna cutar da maras lafiya. Aka horar da mata dubbai su yi tafiya ba motsi. Ka haɗa waɗannan: mace marar suna, marar gida sai ɗakin marasa lafiya, mai tafiya ba sauti, da haske a hannu, wadda ta fi daɗewa a kan gadon wanda ajali ya kusanto. Ba a bukatar wani ya mutu kafin a samu fatalwa. Tsarin aikin ya riga ya ɗinka mata riga.

Rigar kuwa ruwan toka ce. Haka sistocin St Thomas ke sawa har zuwa shekarun 1920, lokacin da aka koma shuɗiya. Bayan wannan sauyi ne labarin Mai Rigar Toka ya yi ƙarfi, musamman a wani sashe da ake kira gini na takwas. Kowane zubi na ma'aikata da irin asalin da yake ba ta. Wasu su ce sista ce da ta faɗa ramin lif. Wasu su ce ta yi kuskuren zarce wa maras lafiya allurar mofin, baƙin ciki ya sa ta kashe kanta. Wasu su ce agana ta kama ta a bakin aiki. Wasu kuma kai tsaye su ce Nightingale ce ta zo duba makarantarta. Har da ƙarin gishiri mai ban sha'awa: wai daga ƙwauri zuwa sama ake ganinta, saboda an ɗaga daɓen ginin daga baya, ita kuwa a tsohon daɓe take takawa. Shi ma wannan kofato ne, irin nasu.

Ba St Thomas kaɗai ba. Asibitin sojoji na Aldershot yana da tasa Mai Rigar Tokar, haka ma katafaren asibitin Netley da aka rushe a 1966. A gidan Claydon, gidan auren yayar Nightingale, inda ta sha zama kuma aka keɓe wa kayanta wuri don masu ziyara, an daɗe ana ba da labarin wata mace mai kayan toka da ke gilmawa. Duk inda tsarin nata ya je, inuwar ta bi shi.

Abin da ya bambanta ta St Thomas shi ne wani ya zauna ya rubuta. A 1959 wani likita mai suna Paul Turner ya buga 'yar maƙala a mujallar wata tsohuwar ƙungiyar Birtaniya mai binciken al'amuran ruhi, wadda aka kafa tun 1882. Ya tattara bayanan da ma'aikatan jinya suka rubuta suka sa hannu. Bai ambaci sunan asibitin ba, amma marubutan da suka biyo baya St Thomas suka nuna. A ɗaya daga ciki, na 1956, wata nas ta zo za ta ba wani dattijo mai ciwon daji ruwa, sai ya ce a bar shi, yanzun nan wata mata mai kirki cikin kayan toka ta ba shi. Bayan 'yan sa'o'i ya rasu. Wani kuma ya tambayi ko wace ce waccan da ke jin ɗumi a bakin murhu. Nas ta waiga ba kowa. Shi ma bai daɗe ba. Wata ta ce matar ta kawo mata shayi cikin dare.

Abin lura, ba ma'aikatan ne suka gan ta ba, masu gargarar mutuwa ne. Akasarinsu kuma suna kan magungunan kashe zafi masu ƙarfi, waɗanda aka san suna sa gane-gane. Masu son a gaskata sukan ce to ta yaya maras lafiya ya san tsohon yunifom ɗin toka ne? Ni dai ban ga abin wahala a nan ba. Ka ɗauki shuɗin yadi ka shiga da shi ɗaki mai duhu-duhu ka ga launin da zai koma. Ban da haka, ɗakin da mutum talatin ke kwance ba ya riƙe sirri, abin da ma'aikata suka raɗa a teburi ya isa gadon ƙarshe kafin safe. Kuma babu mai rubuta labarin wanda ya ga matar sannan ya warke ya koma gida.

Ganin mutane a bakin mutuwa ma ba na Ingila ba ne kaɗai. Wasu masu bincike biyu, Karlis Osis da Erlendur Haraldsson, sun tambayi likitoci da ma'aikatan jinya a Amurka da Indiya, suka fitar da littafi a 1977. Sun tarar abin na faruwa a ƙasashen biyu, sai dai kowa da irin waɗanda yake gani, gwargwadon addininsa da danginsa. Mu ma nan mun sani: idan tsoho ya fara kiran sunan iyayensa da suka daɗe da rasuwa yana yi musu maraba, manyan ɗaki sukan dubi juna su yi shiru, wani ya sulale ya fara kiran 'yan uwa na nesa. Su kansu masu aikin dare ba su tsira ba. A 1984 wani masani, Simon Folkard, da abokan aikinsa sun tambayi ma'aikatan jinya 434 masu aikin dare, kimanin kashi 12 cikin ɗari suka ce ya taɓa faruwa suna zaune a teburi, idonsu biyu, suna ji suna gani, amma ko yatsa sun kasa ɗagawa, galibi wajen ƙarfe huɗu na asuba. Turawa sun ba abin sunan kimiyya. Mu tun kaka da kakanni dannau muke ce masa.

Duk wannan bayani na yarda da shi, amma bai taɓa abin da ya fi ɗaukar hankalina ba, wato aikin da matar ke yi. Fatalwar sauran wurare ramuwa take nema, ko dukiyar da ta binne, ko ƙabarin da aka tone. Wannan ruwa take bayarwa. Tana kawo shayi, tana gyara bargo, tana tsayawa. Ƙananan ayyukan nan ne da nas guda mai gadaje talatin ba ta da lokacinsu da ƙarfe uku na dare. A asibitocin Ingila na wancan zamani lokacin ziyara ƙayyadadde ne, ana kaɗa ƙararrawa dangi su watse, mutum ya kwana shi kaɗai da ciwonsa. Ƙwaƙwalwar mai ƙishirwa da kaɗaici, in za ta ƙirƙiro wani, ai mai kofin ruwa za ta ƙirƙiro. A ganina rahoton Turner ya fi zama shaida a kan ƙarancin ma'aikatan dare fiye da a kan lahira.

Gidan tarihin da aka buɗe shekara talatin bayan maƙalar ya tsaya ne a kan takardu da ƙididdiga, ya bar wa masu zagayawa da 'yan yawon buɗe ido labarin fatalwa, wanda a Landan sana'a ce mai kawo kuɗi. An sabunta shi a 2010, cikar shekara ɗari da rasuwarta. A 2020, shekarar da aka shirya bikin cikar ɗari biyu da haihuwarta, annobar korona ta rufe shi, bai dawo sosai ba sai 2022. Mujiya da fanus suka zauna cikin duhu, a sama kuwa asibiti ya cika maƙil. A nan aka kwantar da Firayim Minista Boris Johnson a watan Afrilun 2020, da ya fito ya yi godiya ta musamman ga ma'aikatan jinya biyu da suka tsaya a kansa dare da rana. Dukansu baƙi ne daga wasu ƙasashe.

Baƙi sun daɗe a waɗannan ɗakuna. A 1946 wata malamar makaranta daga Legas, Kofoworola Abeni Pratt, ta shiga makarantar Nightingale, bayan mahaifinta ya daɗe yana ganin aikin jinya bai dace da 'yar mutunci ba. Ta ci jarrabawar ƙarshe a 1949, ana kuma ƙirga ta a matsayin baƙar fata ta farko da ta yi aikin jinya a hukumar lafiya ta Birtaniya. Ta yi zagayen dare a St Thomas a daidai shekarun da labarin Mai Rigar Toka ke tashe. Ta dawo gida a 1954, ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan a 1964, sannan babbar jami'ar jinya ta ƙasa. A lokacin an riga an kafa majalisar kula da aikin jinya ta Najeriya tun 1947, wadda aka haɗe da ta ungozomomi a 1979. Ta wannan hanya hula da ɗamara da agogon ƙirji da tafiya ba sauti suka iso har kan Goggo.

A Arewa abin ya zo da tafiyar hawainiya, kuma da maza ya fara. Disfensa da malamin asibiti su ne fuskar aikin a garuruwan En'e, sai asibitocin mishan irin su Wusasa da Vom da Garkida, da aikin mishan na ƙasar Tangale da ya faro a 1917, shekara biyu kafin a dawo da fadar Gombe nan Doma. Kafin iyaye su yarda 'ya mace ta kwana a waje tana taɓa jikin baƙi, an sha fama. Goggo ta ce da za ta tafi makarantar jinya sai da Bappa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta.

To me ya sa rigar ta iso, amma Mai Rigar Toka ba ta iso da halinta ba? Me ya sa a can ake ganin abokiyar aiki mai tausayi, a nan kuma aljana mai kofato?

Na farko aƙida. Abin da malamai suka koya mana shi ne wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa yawo. Kalmar fatalwa tana nan a bakinmu, amma in aka matsa wa mai labari sai ya gyara ya ce aljani ne ya ɗauki siffa. Aljani kuwa ba abokin aiki ba ne, baƙo ne, sai a'uziyya da ayatul kursiyyu. Shi ya sa labaran asibitocinmu suka fi karkata ga hanyar mutuware, da gindin tsamiya, da banɗakin da ke can ƙarshen baranda. Ko mai ƙwas-ƙwas ta makarantun kwana, wadda 'yan Kudu ke kira Madam Koi Koi, da ƙarar takalmi take zuwa don ta firgita, ba ta taɓa ba kowa ruwa ba.

Na biyu, wanda na fi ba ƙarfi, shi ne tabarmar da ke ƙarƙashin gado. A Hausa kalmar jinya ta haɗa mutum uku: majinyaci da ke kwance, ma'aikaciyar jinya mai albashi, da mai jinya, wato 'yar uwa ko ɗiya ko kishiya ma, wadda ta baro gidanta ta tare a asibiti da buta da filas da kwanon sha. Ita ke juya shi, ita ke fifita, ita ke ɗiga masa ruwa da cokali, ita ke laƙƙana masa kalmar shahada. Duk aikin da Mai Rigar Toka ke yi a Landan, a nan akwai mai yinsa da jini da tsoka. Gurbinta a cike yake. Masu tsara harkar lafiya sukan ɗauki cunkoson masu jinya a matsayin ci baya, wani lokaci da gaskiyarsu, don cuta na yaɗuwa ta nan. Amma ba su cika lissafa nauyin da tabarmar ke ɗauke wa gwamnati ba. Goggo ta ce wanda ke karya mata zuciya shi ne wanda aka tsinto a haɗarin mota ba a san danginsa ba, ko almajirin da abokansa suka ajiye suka tafi. Irin waɗannan, ta ce, su ne za ka ji suna hira da wanda ba ka gani.

Gombe ta sauya tun daga daren fitilar ƙwai. An yi jiha a 1996, a shekarar aka samu cibiyar lafiya ta tarayya, wadda ta zama asibitin koyarwa a 2014, ga asibitin ƙwararru na jiha, ga kwalejin jinya da ungozoma tana yaye 'yan mata da samari. Hasken rana da tocilar waya sun kori fitilar ƙwai. Guntuwar farar riga da 'yar hular da ake kafewa da sitati sun ba hijabi da wando wuri. A nan ne nake hango maimaicin abin da ya faru a Landan, domin fatalwar asibiti kullum tsohon yunifom take sawa. Toka ba ta zama rigar fatalwa ba sai da masu rai suka daina sa ta. Yaran da ke shiga aikin yanzu ba su taɓa ganin mai rai cikin irin shigar Goggo ba, sai a hoto.

Su kuma yaran ba duka ke zama ba. A farkon 2024 magatakardan majalisar jinya da ungozoma ya ce ma'aikata sama da dubu 42 sun bar ƙasar cikin shekara uku, majalisar ta fito da sababbin sharuɗɗan tantancewa, ma'aikata suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, bayan Indiya da Filifin sai Najeriya a yawan waɗanda suka yi karatu a waje. Hanyar da Misis Pratt ta bi ta dawo, yanzu bin ta ake yi ba waiwaye.

Tarihin jinyarmu yana cikin adakar ƙarfe irin ta Goggo. Ranar da na matsa mata ta sa aka jawo ta daga ƙarƙashin gado. Akwai hular, ta yi ruwan ƙasa-ƙasa a wajen ninki. Akwai ɗamara mai kan azurfa, da agogon ƙirji da ya tsaya, da takardar shaida wadda gara ta ci kusurwa guda, da wani littafin rahoton dare mai bangon kwali da ta ce ta tsamo shi daga tarin takardun da za a cinna wa wuta. Na buɗe tsakiya. Rubutu ne da jan biro, layi-layi: lambar gado, zafin jiki, an ba da allura, ta sha ruwa kaɗan, ta yi barci. A wani layin an rubuta lokaci kawai, ƙarfe huɗu da minti goma, aka ja layi a ƙasa.

Jikarta, wadda ta gama kwalejin jinya bara, tana zaune a bakin tabarma da waya a hannu, tana bitar tambayoyin jarrabawar Turanci ta masu neman aiki a Ingila. Na ba su labarin St Thomas daga farko har ƙarshe, da mujiyar, da dattijon da ya ce an riga an ba shi ruwa. Yarinyar ta ce ita dai Allah ya sa kada a tura ta can. Goggo ta mayar da hular cikin adaka, ta danna marfin da gwiwa har ya kama.

"In an tura ki, ki je," ta ce. "In kin gan ta ki ce aljanar Gombe tana gaishe ta, ki tambaye ta ko su an biya su kuɗin aikin dare."